Tseren mata zalla: abin da 'yan gudu ke musu a kai, da inda ya shafi matanmu na Kurmi

Duk mazaunin Legas ya san wata Asabar a cikin watan Nuwamba da ake tare wasu titunan tsibiri tun da asuba, mata su fito dubbai su yi gudun kilomita 10. Sunan gasar Lagos Women Run. Wata baiwar Allah mai suna Tayo Popoola ce ta assasa ta a 2016, kuma daga dandalin Tafawa Balewa ake tashi. Mutanenmu direbobi da masu kai kaya kasuwa sun fi saninta ta fuskar cunkoso: an tare hanya, an ɓata musu safiya. A nan Jos kuwa wani kallo daban ake yi mata. Akwai 'yan matan da tun damina suke shirin wannan rana, saboda gudu shi ne sana'arsu, kuma abin da suka ciyo a Legas da shi ake biyan kuɗin makarantar ƙannensu.

Aikina yana bi da ni ta Kabong da sassafe, kuma duk wanda ya taɓa ratsa Gada Biyu ya hau titin Rukuba kafin rana ta fito ya san irin mutanen da nake nufi. Za ka gan su rukuni-rukuni, maza da mata, sirara kamar sillen kara, suna haura tudu cikin sanyin da kai ko hannu ba ka son fitarwa daga aljihu. A bakin mai shayi na sha jin musunsu a kan tseren mata zalla, ya dace ko bai dace ba. To wannan musu ba a Jos aka fara shi ba. An daɗe ana tafka shi a Amurka, kuma inda ya fi zafi wuri ne da ba za ku zata ba, filin wasa da shaƙatawa na kamfanin Disney. Bari in fara da can, don shi zai sa a gane na nan.

Walt Disney World wani katafaren wuri ne kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida. An buɗe shi a 1971, kuma faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 100, wato gari ne sukutum mai titunansa da otal-otal da tafkuna da masu gadinsa. A watan Janairun 1994 kamfanin ya fara shirya gudun famfalaki a ciki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani, mai tsawon kilomita 42 da 'yar ɗoriya. Dabarar kasuwa ce ƙarara, domin bayan hutun Kirsimeti baƙi kan ragu, ga kuma hanyar cika ɗakunan otal. Da abin ya karɓu, a 2009 suka ƙirƙiro wani da suka nufi mata da shi, suka sa masa suna Princess Half Marathon, wato rabin famfalakin gimbiya, kilomita 21. A 2012 suka ƙara wani irinsa mai suna Tinker Bell a ɗaya filin nasu na Disneyland da ke Kalifoniya, aka yi ta yinsa har 2017.

Ana tashi ne wajen ƙarfe biyar na asuba, don a gama a buɗe hanya kafin 'yan yawon buɗe ido su cika wuri. Mata da yawa kan yi shigar gimbiyoyin fina-finan Disney, da kambi a ka da siket mai baje kamar lema. Hanyar takan ratsa ta cikin fadar nan mai hasumiyoyi da ake nunawa a farkon fina-finansu. A gefe ga makaɗa, ga masu shigar Mickey da ire-irensa, mutum ya tsaya ya bi layi ya ɗauki hoto, sannan ya ci gaba abinsa. Ƙa'ida ɗaya ce mai tsauri: kowane mil a cinye shi cikin minti 16, kusan minti 10 ke nan a kowace kilomita, wanda tafiyar ƙafa ce mai sauri kawai. A can bayan kowa akwai wasu mata masu ɗauke da balan-balan da ke tafiya daidai wannan ma'auni. In suka wuce ka, to ka san motar kwashe waɗanda suka gaza tana kusa. Kuɗin rajista kuwa ya haura dala 200, ban da jirgi da masauki.

Ba a hana maza shiga ba. Amma a shekarun farko an riƙa ajiye su a sahun baya wajen tashi, kuma ko namiji ya riga kowa isowa, kambun na mace ne. Daga nan rigimar ta taso.

Akwai mazan da suka ce wannan wariya ce tsagwaronta. Kuɗi ɗaya muka biya, hanya ɗaya muka bi, don me za a ce lokacina ba ya cikin lissafi? Da wani kamfani ne ya shirya tseren maza ya tura mata baya, ai da ba a kwana lafiya ba. Wasu kuma masu ƙarfin gudu suka riƙa shiga da gayya, saboda sun san a can za su iya riga kowa, abin da ba za su samu ba a tsakanin tsaransu. Mata da dama na kallon irin wannan kamar baƙon da ya shiga gidan biki ya zarce ya zauna a kujerar amarya.

Sai dai abin da mutane ba su cika sani ba, wata suka mai zafin gaske daga bakin mata ta fito. Ina nufin matan da suka riƙi gudu da gaske, masu tashi kullum su ci kilomita 15 kafin su tafi wajen aiki. Da yawansu sun ji haushin kalmar gimbiya. Ƙorafinsu shi ne, shekara da shekaru suna fafutukar a ɗauke su a matsayin 'yan wasa, ga shi an sake mayar da su kan ruwan hoda da kambin roba, kamar mace ba za ta motsa ba sai an yi mata wasan 'yar tsana. Suna kuma kuka da cunkoso. A cikin filin hanya takan ƙuntace, ga ƙawaye biyar sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna tafiya suna hira, wadda ta zo gwada lokacinta ba ta da ta inda za ta wuce. Wasu suka ƙara da maganar tsada, cewa tseren da sai mai hali ke iya shiga bai kamata ya riƙa tinƙaho da sunan mata duka ba.

Waɗanda suka fi yawa kuwa ba su cika shiga musun ba. Su ne matan da ba su taɓa tsere ba a rayuwarsu: uwa mai 'ya'ya uku, mai jiki, 'yar shekara hamsin da likita ya ce ta rage ƙiba. Abin da irinsu ke faɗa kusan iri ɗaya ne, cewa a nan ba mai yi musu dariya, ba mota, ba mai bin su da ido ko da baƙar magana, kuma ko mace ta zo can ƙarshe za a rataya mata lambarta a wuya. Da yawa daga nan suka fara, daga baya suka shiga manyan gasanni. A shekarun 2010 har ta kai mata sun fi maza yawa a cikin masu kammala rabin famfalaki a Amurka.

A nawa ganin, masu musun sun tsaya a kan suna da ado, sun bar ainihin hajar da ake sayarwa. Abin da Disney ke sayar wa matan nan katanga ce. Hanya ce da aka rufe, aka haska ta, aka zuba masu gadi, aka tanadi ruwa da banɗaki da motar asibiti, aka kuma san duk wanda ya shigo. Kambi da siket talla ce kawai. In aka cire gimbiya aka bar katangar, matan za su zo. A cire katangar a bar gimbiya, a ce su fito titi da biyar na asuba, sai a ga ko mutum nawa za a samu.

Masu kukan wariya kuma ya kamata su tuna wa aka fara warewa. A gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam an bar mata sun yi tseren mita 800, jaridu suka kururuta cewa wai sun zube don wahala, aka soke wannan tsere ga mata har sai 1960. A 1967 wata ɗaliba mai suna Kathrine Switzer ta yi rajistar famfalakin Boston da haruffan farkon sunanta, aka ba ta lamba 261 ba tare da an lura mace ce ba. Tana cikin gudu wani jami'in gasar, Jock Semple, ya diro ya cakume ta yana neman yage lambar, hotunan suka zaga duniya. Sai 1972 Boston ta amince da mata a hukumance, kuma a wannan shekarar aka yi tseren titi na mata zalla a New York, mata 78 kacal suka fito. Famfalakin mata bai shiga Olamfik ba sai 1984 a Los Angeles, inda Joan Benoit ta Amurka ta ci. Ku lissafa, lokacin Buhari da Idiagbon suna kan mulki ne. Jiya-jiya ke nan.

A wannan Olamfik ɗin ne wata Musulma 'yar Maroko, Nawal El Moutawakel, ta ci zinare a tseren mita 400 na tsallake shinge. Ita ce misalin da ya fi kusa da mu. Da ta koma gida, a 1993 ta fara shirya tseren mata zalla a Kasabalanka, aka fara da kaɗan, har ta kai ana samun mata kusan dubu 30, masu gyale da marasa gyale, 'yan mata da kakanni. Ba Mickey a wurin, ba kambi. An dai rufe titi an ce yau na mata ne. Habasha ma tana da nata na kilomita 5 a Adis Ababa cikin watan Maris, Japan kuma tana da famfalakin mata na Nagoya.

Mu dawo Kabong. Jos tana kan tudun da ya haura mita 1,200 daga teku. Iskar nan ta fi ta Legas ƙarancin abin da jini ke buƙata, don haka jikin wanda ya tashi yana gudu a nan kan saba da aiki da kaɗan, in ya sauka ƙasa sai ya ji numfashi ya yalwata. Tudunmu bai kai na Iten ta Kenya ba, mai kusan mita 2,400, amma ya isa ya sa 'yan Filato, daga Jos har Pankshin, su riƙe gudun dogon zango a Najeriya. Tun da aka fara babban famfalakin Legas a 2016, wanda a shekarun farko yake tashi daga filin wasa na Surulere ya hau gadar Third Mainland ya ƙare a Eko Atlantic, 'yan asalin Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtuka, amma a rukunin 'yan gida sunayen Filato ake ta ji. A 2020 Emmanuel Gyang ne ya zo na farko cikin mazan Najeriya, matarsa Deborah Pam kuma ta zo ta farko cikin mata. Gida ɗaya, kambu biyu.

To musun 'yan gudun nan namu ya ɗan sha bamban da na Amurka, domin nasu na abinci ne. Abin da mazan ke cewa, gasannin da ke biyan kuɗi a ƙasar nan ba su taka kara sun karya ba. Akwai na Legas, akwai na Okpekpe a Edo da aka fara a 2013, sai 'yan tsiraru. Kuɗin mota daga Jos zuwa kudu kuma kun fi ni sanin yadda ya koma. In mai ɗaukar nauyi ya zuba kuɗinsa a tseren mata, a ganinsu an rage musu wata dama ke nan. Na fahimci zafin, amma lissafin bai yi ba. Kamfanin da ya sa kuɗi a tseren mata yana neman idon mata ne da aljihunsu, ba wai ya ɗebo daga asusun maza ba ne. In babu tseren, kuɗin tallan sabulu ko na madara zai koma.

Matan kuma bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma a nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Wasu na son na mata zalla saboda a gasar haɗaka mace ko ta ci, ɓacewa take yi. Kyamara tana kan namijin farko, an yi tafi an gama, manyan baƙi sun fara duba agogo, sannan ita ta iso a tsakiyar wasu maza da suka galabaita. A tseren mata kuwa ita ce babur ɗin 'yan sanda ke yi wa jiniya, ita ce ke tsinka zaren ƙarshe. Wasu kuma sun fi son haɗakar saboda dalili na sana'a. Mace mai sauri in tana bin namijin da ya ɗan fi ta, yana tare mata iska, yana riƙe mata ma'auni, ba sai ta yi ta tunanin ko ta yi sauri ko ta rage ba. Lokacinta kan fi kyau, kuma da lokaci ake samun gayyata zuwa waje.

Wannan ba zato ba ne, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya tana ajiye tarihin bajinta iri biyu ga mata a famfalaki, na gasar haɗaka daban, na mata zalla daban. Ku dubi Tigst Assefa ta Habasha. A Balin a 2023, maza na ja mata gaba, ta gama cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53. A Landan a 2025, inda manyan mata suka tashi su kaɗai, ta yi awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 50, kuma wannan ma ya kafa tarihi a rukuninsa a lokacin. Hanyar ba ɗaya ba ce, yanayin ma haka, amma tazarar kusan minti huɗu tana nuna abin da 'yan matan Rukuba ke nufi. Don haka 'yar wasa ta gaske tana buƙatar duka biyun, ɗaya don lokaci, ɗaya don suna.

Akwai kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi a bakin mai shayi, amma kowa ya san shi. Kusan duk 'yan matan da ke gudu a titin nan ba 'ya'yan unguwanninmu na Hausawa ba ne. Ba na ganin 'yar Gangare ko Unguwar Rogo ko Rikkos a cikinsu. Wani zai ce al'ada ce da addini, kuma akwai wannan. Amma akwai tsoro ma. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008 da 2010, garin nan ya rabu, kowa ya san iyakar inda ƙafarsa ke sakewa. A nan Kabong bom ya tashi a jajibirin Kirsimetin 2010 ya kashe bayin Allah da suka fito cefane. A kan titin Rukuba aka tare matafiya a watan Agustan 2021 suna komawa Ikare ta jihar Ondo daga Bauchi, aka kashe sama da ashirin, kuma na san wasu masu karanta wannan sun san gidajen da aka yi zaman makoki. Kowane ɓangare yana da gawarsa da tabonsa. Alhamdu lillahi an samu sauƙi, ana cuɗanya a kasuwa da wajen aiki, amma uwar da za ta bar 'yarta ta ƙetare unguwa ita kaɗai cikin duhun asuba, daga kowane ɓangare take, sai an tona.

Kun ga maganar katanga ta dawo. Ba nisa da Kabong, ta wajen Tudun Wada, akwai gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8, da itatuwa da hanyoyin ƙasa da ƙofar shiga. Akwai filin wasa na Rwang Pam a tsakiyar gari. Irin waɗannan wurare ba na unguwar kowa ba ne. Ni da za a tambaye ni, tseren mata na kilomita 5 a wuri mai ƙofa irin wannan zai iya haɗa 'yar Kabong da 'yar Gangare a sahu ɗaya fiye da taron zaman lafiya goma a ɗakin otal.

To ina ruwan mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal da wannan dogon labari? Ruwanku ya ma fi namu. Kakanninmu mata ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba saboda rayuwarsu duka motsi ce: daka, surfe, niƙa a dutse, jan ruwa a rijiya, tsakar gida mai faɗi, 'yan mata kuma ga gaɗa da dare. Matar da aka kawo Legas aure yau fa? Ɗaki ɗaya ko ciki da falo, injin niƙa a bakin layi, ruwa a jarka mai kura ya kawo, in za ta unguwa Keke ya ɗauke ta daga ƙofa. Ga shinkafa da taliya da lemon kwalba. Mijin shi yana yini a tsaye a Mile 12, yana ƙona abin da ya ci. Ita kuwa sai ta shekara ba ta yi tafiyar da ta sa ta gumi ba. Daga nan sai ciwon gwiwa, sai hawan jini, sai siga, mu ce wai iskar Kurmi ce ba ta karɓe ta ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri. Rabin awa ke nan sau biyar. Kuma duk wadda ta je aikin Hajji ta san sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kilomita uku, ban da ɗawafi da tattakin jifa.

Na san abin da wani zai ce: haba malam, matan aure da gudu? To ai malamanmu suna karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a wata tafiya ta riga shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake shi kuma ya riga ta. Abin lura a cikin ruwayar, sai da ya ce wa sahabbai su yi gaba tukuna. An ba ta fili, an kawar da idon jama'a, sannan aka yi tseren. Wannan shi ne tsarin da muke magana a kai. Tufafi ma yanzu ba hujja ba ne, tunda har kamfanin Nike ya fitar da hijabin wasanni a 2017, kuma telan unguwa zai ɗinka doguwar riga mai tsaga da wando mai faɗi da yadi marar nauyi.

Ba na cewa matar da ba ta taɓa sauri ba ta je ta yi rajistar kilomita 10 a tsibiri, ko da yake wadda ke da hali da yardar gida, ƙofar a buɗe take, kuma ba za ta zama ita kaɗai mai lulluɓi ba. Abin da ya fi sauƙi yana kusa da ku. Filin wasa na Agege yana nan daf da mutanenmu. Na Lekan Salami da ke Adamasingba, daga Sabon Ibadan da ƙafa ake zuwa. Makarantun firamare masu katanga suna zaune ba kowa ranar Asabar. Sarkin Hausawa da limami da shugabar Islamiyyar matan aure in suka haɗa baki, aron fili na awa biyu bayan sallar asuba ba zai gagara ba.

In za a yi, a ɗauki darasi daga masu sukar nan, don ba duk maganarsu ce ta banza ba. Kada a mai da shi bikin anko, a ce sai an sayi riga kala kaza, domin nan take za a kori marasa hali, kuma hankali zai koma kan ado. A raba sahu: 'yan mata masu jini a jika su tashi da farko su yi gudunsu na gaske, a riƙe musu agogo, a rubuta lokacin kowacce, a ba ta ɗaya kyautar da za ta ji a hannu. Wa ya sani ko a cikinsu akwai wadda za ta ba 'yan Pankshin wahala? Iyaye mata su biyo baya da tafiya, masu hira su riƙe gefe ɗaya su bar hanya. Mai hawan jini ko siga ko juna biyu ta fara jin ta bakin ma'aikacin lafiya, kuma a samu nas ko da guda ɗaya ce a wurin, da ruwan sha.

Sai babbar matsala, wadda Disney ba ta damu da ita ba amma mu za ta iya rusa mana komai a rana ɗaya: waya. Bidiyo ɗaya na matar wani tana haki ya shiga TikTok da waƙa a kai, shi ke nan, mako mai zuwa ba mijin da zai bar tasa ta fito. Dole a yi doka tun daga ƙofa cewa ba ɗaukar hoto sai wadda ta ɗauki kanta, kuma mata ne za su tsare wannan a ciki. Maza aikinsu yana waje: su tsare ƙofa, su kawo ruwa, su yi magana da hukumar fili, wani ma ya riƙe yara na awa biyun nan, ba zai mutu ba.

Takalmi kaɗai ne abin da ba a yi masa ƙwauro. Silifa da takalmin roba su ke jawo ciwon dunduniya da gwiwa, mace ta yi sati biyu ta ce abin bai karɓe ta ba. 'Yan gudun nan na Rukuba da yawansu a gwanjon kasuwar Katako suke samun nasu, ku kuma ga Katangowa nan a Abule Egba. A duba mai taushin ƙasa wanda bai cinye ta gefe ɗaya ba, a gwada shi da safa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kuma bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gabansa.